Jama'ar Jidda a kula da mai tallar jirgin ruwan Sawakin, ɗan damfara ne

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina ta jinkirin rubuta wannan abu saboda Kawu bai so a yi maganar ba, kunya yake ji, amma jiya da daddare na sake ganin hoton jirgin nan yana yawo a wani gurup na WhatsApp, sai na je na ce masa Kawu ka yi haƙuri, in muka yi shiru wani ma zai faɗa. Ya ce to rubuta amma kar ka sa sunana. To ga shi.

Waɗanda suka san ni sun san shekarata tara ina aiki a Abhur, bakin tekun arewacin Jidda, wanke jirage da gyaran inji a wajen kafilina, wato maigidan da ya ɗauki nauyin zamana a Saudiyya, don haka abin da zan faɗa ba labarin kanzon kurege ba ne.

Akwai wani mutum, Hausa yake yi garau kamar ni da kai, yana shiga gurup-gurup ɗinmu na Facebook da WhatsApp yana tallar jirgin ruwa mai tafiya da iska, irin wanda Larabawa ke ce wa shira'i, ƙafa 41, ƙirar Faransa, wai samfurin 2012. Labarin da yake bayarwa shi ne wai wani Bature ne mai yawon duniya ya bar jirgin a Sawakin, tashar ruwa a gaɓar Sudan, da yaƙin Sudan ya ɓarke a watan Afrilun 2023, ya tsere ya koma ƙasarsu, yanzu ya gaji yana son a rabu da shi ko nawa ne, shi kuma wai shi ne wakili. Kun ga inda wayon yake ko? Rabin maganar gaskiya ce. Kowa ya san masu irin waɗannan jirage suna yada zango a Sawakin in za su haura Bahar Maliya zuwa Suwez, kuma kowa a nan Jidda ya ga jiragen da suka riƙa kwaso mutane daga Bur Sudan a lokacin. Don haka in ya faɗa sai ka ji abin ya zauna maka.

Riyal dubu 85 ya sa. Kawu da abokansa huɗu da suke adashi tare suka ce ai wannan dama ce, a sayo a riƙa fita da masu yawon buɗe ido tunda yanzu harkar teku ta buɗe a ƙasar nan. Ba wanda ya taɓa hawa irin jirgin a cikinsu, Kawu ma ko kwalekwale ya shiga sai ya yi amai, amma shi ke nan, kuɗi ya yi kira. Mutumin ya ce akwai wani ɗan Yanbu da ke shirin biya gobe, in suna so su tura arbun, wato kafin alƙalami, riyal dubu 12. Suka tura. Asusun ma ba sunansa ne ya fito ba, ya ce na ƙanin matarsa ne, nasa wai an rufe saboda iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare. Bayan kwana shida ya dawo da wata, wai sai an biya kuɗin tsayuwar jirgi na shekara biyu kafin hukumar tasha ta sake shi, dubu 7. Suka sake turawa. Sai da ya zo da ta uku, wai kuɗin kyaftin da zai tuƙo shi zuwa Jidda, sannan Kawu ya tuna yana da ɗa a Abhur.

Na ce Kawu tun farko me ya hana ka kira ni? Ya ce ai so na yi in ba ka mamaki, kai za ka riƙa tuƙa mana. Wallahi ban san lokacin da na yi dariya ba duk da ɓacin rai.

Abu ɗaya kawai na fara nema. Duk jirgi irin wannan da aka ƙera a Turai daga 1998 zuwa yau yana da lamba da aka buga a jikinsa can baya ta ɓangaren dama, haruffa da lambobi 14, biyun farko na ƙasar da ta ƙera ne, na Faransa FR, biyun ƙarshe kuma shekarar samfurin. Na Amurka 12 ne, su tun 1972 suke yi. Kamar lambar shasi ce a mota. Na ce ya turo mana bidiyon lambar, ya sa yatsansa a kai yana faɗin ranar da muke ciki. Kwana biyu yana hanya-hanya, yau babu netwok gobe babu wuta, daga ƙarshe ya turo hoto ba bidiyo ba. Lambar ta ƙare da 01. Yani jirgin 2001 ne, ya rage masa shekara 11 cif. Na ɗauko takardar rajistar da ya tura wa su Kawu tun farko na haɗa, lambar da ke takarda daban, ta jikin jirgi daban. Da na faɗa masa sai ya hau ni da faɗa, wai haba ɗan'uwa, yanzu Bahaushe ba zai yarda da Bahaushe ba a ƙasar mutane, ya rantse har da Ka'aba.

Muna da wani Yaya ɗan ƙanwar mahaifiyata a Bur Sudan, can aka haife shi. Sawakin kilomita wajen 60 ce daga wajensu, na roƙe shi ya shiga mota ya je ya gano mana. To jirgin dai yana nan, wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a harkar, domin da babu shi da sauƙi. Ya kira ni ta bidiyo yana tsaye a kai. Wayoyin ƙarfen da ke riƙe da doguwar sandar tsakiya, guda biyu sun fara warwarewa daga ƙasa kamar tsohuwar igiyar guga, ya shafa ɗaya ta tsaga masa yatsa. Waɗannan wayoyi ko lafiyarsu ƙalau ana canza su ne duk bayan shekara 10 ko makamancin haka, in ɗaya ta tsinke a tsakiyar teku sandar gaba ɗaya ce za ta faɗo. Na ce ɗaga katakon ƙasa na cikin ɗaki. Ya ɗaga, ruwa ne baƙi ƙirin kwance har ya rufe kan kusoshin da ke riƙe da ƙarfen nauyin nan na ƙarƙashin jirgi, wanda shi ke hana shi kifewa. Ya kwashe ruwan da gwangwani, kan kusoshin sun kumbura da tsatsa suna ɓarewa kamar ɓawon albasa. Na ce zaro sandar gwajin man inji. Fari-fari kamar an dama koko, ruwa ya shiga inji ke nan. Tantin iskan kuma rana ta cinye shi, ya ja ɗinkin da farce zaren ya zube kamar gari.

Sai ga mai gadin wurin, wani dattijo, ya ce wa Yaya kai ne na huɗu da ya zo kallon jirgin nan wai ya saya. Ya ce shi dai ba wanda ya ce masa na sayarwa ne, wani ne ya zo kwanaki ya ba shi na shayi ya ɗauki bidiyo ciki da waje ya tafi. Bidiyon da su Kawu suka kalla ke nan har suna kabbara.

Bari in ƙara muku wani abu tunda mun zo nan, ko da mai sayarwar na gaskiya ne. Jirgi ba a sayensa yana cikin ruwa, rabinsa a ɓoye yake. Sai an ɗaga shi an ɗora a kan tudu an wanke. Jikin faiba in ya daɗe a ruwa mai ɗumi irin namu yakan yi ƙuraje, na sha fasa su da hannuna a wajen aiki, ruwa mai warin khal ne ke fitowa, wato ruwa ya riga ya ratsa cikin faibar. Ana bin jikin da ƙaramar guduma ana ƙwanƙwasawa, inda ke da lafiya ƙara yake yi tas-tas, inda ya ruɓe sai ka ji dum-dum kamar ka bugi kankana. Inji kuma ka zo da sassafe ka dafa shi ka ji da sanyi kafin a tayar, in ka tarar da shi da ɗumi to an riga ka, akwai abin da ake ɓoyewa. Sannan a fita da kai teku a buɗe tantin a gwada. Akwai injiniyoyi masu duba jirgi su rubuta rahoto, kai ne za ka ɗauko naka ka biya shi, kar ka yarda da wanda mai sayarwa ya kawo. Kuma ko ka saya ɗin, tsakanin Bur Sudan da Jidda kusan kilomita 300 ne na teku, ba a shigowa haka kawai, akwai Haras al-Hudud masu tsaron iyaka, akwai jamarik wato kwastan, akwai haraji kashi 15, ga takardar da ke nuna an soke rajistarsa a ƙasar farko. Duk wannan mutumin bai taɓa ambatar ko ɗaya ba, shi dai a turo a turo.

Mun kira banki mun kuma shigar da ƙara ta manhajar Kulluna Amn ta jami'an tsaron Saudiyya, muna jira. Biyu daga cikin abokan Kawu sun ƙi a sa sunansu saboda takardunsu ba su cika ba, ni a ganina shi ya sa ma yake zaɓar mutanenmu, ya san da yawa ba za su je wajen shurɗa, wato 'yan sanda, ba.

Yanzu ya canza layi ya canza suna, jirgin ma wai ya koma Yanbu, farashi ya sauka zuwa dubu 70. Amma hotunan su ne dai, farin jirgi mai shuɗin layi a gefe, da wata jar jarka ɗaure a baya kusa da sitiyari, a hoto na uku in ka zuƙo za ka hango rusassun gine-ginen tsohon garin Sawakin a bayansa. Duk wanda ya riga ya tura masa wani abu ya yi min magana ta inbos da rasit ɗinsa mu haɗa da namu, ko ba ka son sunanka ya fito ba komai. Dan Allah a tura wa 'yan Makka da Madina ma, na ji ya fara shiga gurup ɗinsu.