Iya ruwa fidda kai: wasiƙa daga Hurgada kan zaɓen jirgin nitso

Ƙanena, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Inna da kowa da kowa. Saƙonka ya iso, na kuma ga hoton katin nitson da ka samu. Wallahi na yi murna. Amma da na kai ƙarshen saƙon, na ga ka ƙwallafa rai a kan jirgin da ke zuwa tsibiran Brothers saboda bidiyon kifin shak da ka kalla, sai na ce wannan ba maganar waya ba ce, gara in zauna in rubuta maka.

Irin jirgin da kake nufi, a nan Masar "safari" ake ce masa. Mako guda kana kan Bahar Maliya, a nan za ka ci, a nan za ka kwana. Tun da asuba ake kaɗa ƙararrawa, jagora ya zana taswirar wurin a allo, ku shiga ruwa. Sau 3 ko 4 ake shiga a rana, kafin mako ya ƙare ka yi nitso kusan 20. Kai kuwa ka ce a littafinka na rubuta nitso 9 ne kacal. Katinka na Open Water iyakarsa mita 18, na Advanced shi ke kai mutum mita 30. Riƙe waɗannan lambobin a ranka, domin su ne ma'aunin duk abin da zan faɗa.

Kuskuren da na ga baƙi suna yi shekara da shekaru shi ne su zaɓi jirgi da hoton ɗakin kwana. Hanyar da jirgin zai bi ita ce kayan da kake saya, ɗaki kuwa barci kawai za ka yi a cikinsa.

Hanyar arewa, wadda ke tashi daga nan Hurgada, ita nake so maka. Tana bi ta Ras Mohammed, inda murjani ya yi kyan da ba a iya kwatantawa, ta biya Abu Nuhas, wani tudun murjani da ya ci jirage da dama: Carnatic ya nutse a wurin a 1869, Giannis D a 1983. Sannan ga Thistlegorm, jirgin dakon kayan yaƙin Birtaniya da jiragen saman Jamus suka nutsar a watan Oktoban 1941. Yana kwance a zurfin kusan mita 30, har yau babura da motoci suna jere a cikinsa, kan jirgin ƙasa kuma yana gefe a kan yashi. Ranar da na fara ganinsa na daɗe ban yi magana ba bayan na fito. Abin da ya sa hanyar ta dace da sabon hannu shi ne yawancin wuraren suna da ƙasa da ake gani, jirgi yana samun lungun da iska ba ta dukansa, kuma in an sami matsala gari ba nisa. Thistlegorm ɗin kansa sai da Advanced, ruwan wurin kuma yakan ja, shi ya sa ake sauka ana riƙe da igiya.

Brothers wata duniya ce dabam. Wasu 'yan tsibirai ne biyu a tsakiyar teku, babban yana da hasumiyar fitila tun 1883. Murjanin wurin bango ne tsaye, in ka duba ƙarƙashinka shuɗi kawai za ka gani, babu yashin da zai tare ka in ka kasa daidaita kanka. Kwalekwalen roba ke kai ku, ku faɗa ta baya gaba ɗaya, rigarku da ake hura wa iska don ta ɗaga mutum ba iska a ciki, ku nutse nan take kafin ruwa ya kwashe ku daga bangon. Ba a nitson dare a can. Jirage da yawa ba sa karɓar mutum zuwa Brothers da Daedalus, wani tudun murjani a tsakiyar teku, sai ya nuna nitso 50 a littafinsa, kuma kada ka ɗauka wulaƙanci ne.

Ni na san dalilin a jikina. Ina da nitso talatin da 'yan kai wani jirgi ya karɓe ni zuwa Elphinstone, wani bangon murjanin mai jan ruwa, ba tare da an ko buɗe littafina ba. Mun faɗa, kunnena ya ƙi buɗewa, na tsaya a mita 6 ina fama, kafin in ankara ruwa ya raba ni da mutanena. Tsoro ya sa numfashina ya ninka, allurar tukunyar iskata tana sauka ina kallo. Allah ya taimake ni ina ɗauke da balan-balan ɗin nan mai ruwan lemo da ake hurawa daga ƙasa, kuma na taɓa gwada shi. Da shi direban kwalekwale ya hango ni tsakanin igiyoyin ruwa. Tun daga ranar, jirgin da bai tambayi littafin mutum ba, ba na tura masa kowa.

Akwai kuma kudu, wajen Fury Shoals da St John's, daga Port Ghalib ko Marsa Alam. Ruwan ya fi lafawa, akwai ramukan murjani da hasken rana ke ratsawa, sai dai tafiyar dare tana da tsawo, mai saurin tashin zuciya zai ji jiki.

Ka tambaye ni wasu ƙasashe. Na yi mako a tsibiran Similan na Tailan, ruwan ɗumi ne, garau, ya dace da mai koyo, amma ana buɗe wurin ne daga tsakiyar Oktoba zuwa tsakiyar Mayu. A Maldibs hidimar ta burge ni, domin akwai wani jirgi na biyu da suke kira dhoni, shi ke ɗauke da tukwane da injin cika su, don haka babban jirgin shiru yake. Amma nitsonsu a mashigar ruwa tsakanin tsibirai ake yi, ka saƙala ƙugiya a dutse ruwa yana kaɗa ka kamar tuta, dokar ƙasar kuma ta tsayar da zurfi a mita 30. Komodo a Indunusiya ma jan ruwansa sananne ne. Galapagos da tsibirin Cocos, wanda ake kwashe kusan awa 36 a teku kafin a isa daga Kosta Rika, ajiye su sai littafinka ya yi kauri.

Yanzu maganar hidima, inda kuɗi ke ruɗin mutane. Na hau mai araha, na hau mai tsada. Mai tsadar yakan ba ka ɗaki mai faɗi da tawul mai ɗumi, kuma da daɗi, ban musa ba. Amma ga abin da za ka rubuta musu ka tambaya kafin ka biya ko sisi. Mutum nawa jagora ɗaya yake riƙewa? Ana raba ƙwararru da masu koyo, ko kowa tafiya ɗaya? Kwalekwale nawa ne, in ɗaya ya lalace wa zai ɗauko ku? Akwai iskar oksijin ta gaggawa, kuma awa nawa ne zuwa ɗakin matsin iska da ake jinyar wanda ya fito da sauri? Wanda ya amsa dalla-dalla, ya san aikinsa. Wanda ya ce maka "ba matsala" kawai, araha ba ta ado.

Tambayar da ta fi damuna ita ce ta gobara. A ranar 2 ga Satumban 2019 jirgin nitso mai suna Conception ya kama wuta da dare a gaɓar Kalifoniya, mutum 34 suka rasu a ɗakin kwana na ƙasa, binciken hukuma kuma ya nuna babu mai gadin da ke zagayawa a daren. Don haka tambayi ko akwai wanda ke kwana a farke. Ranar da ka hau, je ka ga ƙofar tsira ta biyu da idonka, ka taɓa ta, ka san inda rigar ceto take. Kada ka bar batir yana caji a ɗaki kana barci.

Farashin da kake gani a talla kuma ba shi ne ƙarshe ba. Kuɗin gandun ruwa, na tashar jirgi, hayar kaya, naitiroks da ihsanin ma'aikata, sau da yawa a waje suke. Nemi jimillar a rubuce. Naitiroks ɗin ina ba ka shawarar ka koye shi: iska ce mai oksijin kashi 32 maimakon 21, tana rage naitirojin da jiki ke sha in ana shiga ruwa sau huɗu a rana, amma tana da iyakar zurfinta da ba a ƙetarewa. Kaya kuwa, yi hayar komai in ka so, ban da gilashin fuska da agogon nitso. Gilashin da bai zauna a fuskarka ba zai ɓata maka mako guda cur. In kana shan iska da sauri, nemi tukunya mai lita 15 maimakon 12 tun kafin a tashi. Yi inshorar nitso, kuma ka bar awa 24 tsakanin nitson ƙarshe da hawa jirgin sama.

Ga abin da na tsara mana. Zo da kwana biyar a gaba, mu riƙa fita da jirgin yini muna dawowa da yamma, ka yi Advanced da naitiroks, ka hura balan-balan ɗin a mita 5 har hannunka ya saba. Daga nan mu hau na arewa tare, ni ne abokin nitsonka. Turo min hoton shafukan littafinka da ranar nitsonka na ƙarshe, da girman ƙafarka saboda takalmin roba. Ka gaida Inna, ka gaya mata ba zan bar ka ka wuce inda katinka ya tsaya ba.

Naka,
Yayanka