Motar Japan mai ƙofa biyu daga gwanjo: wace hanya za ta kawo ta Legas?

Wani ƙanena da ke harkar canji a Agege ya miƙo mini wayarsa bayan la'asar, yana murmushi. "Yaya, dubi wannan Lexus ɗin, a gwanjon Japan take, kuɗin kamar kyauta." Mota ce fara fat, mai ƙofa biyu, babu ko kwarzane. Na ce ya buɗe hoton ciki. Sitiyarinta na hannun dama.

Nan ne tarkon farko. Japan a hagu ake tuƙi, don haka kusan duk motar da ke manyan gwanjonsu irin USS mai sitiyarin dama ce. Mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a dama, kuma doka ba ta yarda da mota mai sitiyarin dama a titinmu ba. Akwai masu cewa a mayar da sitiyarin. Ana yi, amma a tsohuwar akori-kura, inda waya ba ta da yawa. Motar alfarma da kwamfuta ke riƙe da birkinta da jakar iskarta, ranar da aka farke gabanta aka sake ɗinkawa ta daina zama motar da ka gani a hoto. Abin takaici, gwanjon Japan ya fi kowanne faɗin gaskiya: kowace mota da takardar dubawarta, maki 4 ko 4.5 mai lafiya, R wadda ta taɓa haɗari aka gyara. Sai dai kayan ba namu ba ne.

Shi ya sa yawancin Lexus da Infiniti da kake gani a Ikeja da Lekki ta Amurka suka biyo, daga gwanjon Copart ko IAA. Sitiyari a hagu, an huta da wannan. Amma ka san abin da ake sayarwa a can: galibi motocin da kamfanonin inshora suka biya masu su bayan haɗari, suka tura gwanjo. Aikinka shi ne zaɓen irin ciwon da za ka iya jinya. Bugun baya ko na gefe da bai taɓa ƙashin motar ba, masu gyaran jiki na Legas sun iya shi. Bugun gaba da ya fasa jakar iska ya ci fitilu, wannan kuɗi ne tsagwaronsu, don fitila ɗaya ta irin waɗannan motoci tana iya cinye ribar da kake murna da ita. Wadda ruwa ya ci kuwa, ko kyauta aka ba ka, ka yi godiya ka wuce. Duk lokacin da guguwa ta afka wa Fulorida, kamar ta Ian a 2022, gwanjo yakan cika da motoci masu sheƙi waɗanda ruwan gishiri ya kwana a wayoyinsu. Za ta tashi lafiya a tashar jiragen ruwa ta Tin Can, bayan wata uku ta fara kunna fitilun gargaɗi kamar gidan biki. Ka karɓi lambar VIN, wato lambar shaidar motar mai harafi da lamba 17, ka biya a ciro maka tarihinta a shafin Carfax mai ajiye tarihin motoci, ka nemi hotunanta na ranar gwanjo kafin ka tura ko dala ɗaya.

Farashin da aka buga guduma a kai ba shi ne kuɗin motar ba. Akwai ladan gwanjo, da na dillalin da ya yi maka tayi, da na ɗaukar ta zuwa bakin teku, da na jirgi, sannan kuɗin fito. Tun 2022 kwastan da lambar VIN suke yanke darajar mota, saboda haka zancen "na san wani a ciki" ya rage auki. Ta Kwatano ma ba mafita ba ce, an hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa tun farkon 2017. Kuma duk lissafin nan da dala ne. Mai harkar canji irin ƙanena ba sai an gaya masa abin da naira ke iya yi cikin makonnin da motar ke kan ruwa ba.

Akwai gwanjon kwastan na intanet, na motocin da aka kama ko aka bari a tasha. Da naira ake biya, amma dace ne ka samu irin wadda kake so, kuma sun sha rana da ruwa a ajiye.

To wace mota? Infiniti G37 tana da daɗin ƙara, amma an daina yin mai ƙofa biyun da wannan suna tun 2013, shekarunta sun yi nisa ga dokar shigowa. Infiniti Q60 ta 2017 zuwa sama kyakkyawa ce, ba ƙarya, galibi injinta lita 3 ne mai turbo biyu. Sai dai turbo yana son mai mai kyau da bakanike mai sani, kuma cunkoson gadar Third Mainland cikin zafin Maris ba ya raga wa inji. Lexus RC F da LC 500 masu silinda 8 ne, lita 5. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, mai irin su ya san sunan kowane gidan mai a unguwarsu.

Ni Lexus RC 350 na nuna wa ƙanena. Injinta mai silinda 6, lita 3.5, dangin 2GR ne, wato ɗan'uwan wanda ke cikin ES 350 da RX 350 da suka cika Legas. Ba komai nasu ne ke shiga juna ba, amma bakaniken da ya saba da waɗancan ba zai tsaya yana sosa ƙeya ba, kuma a Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, za a gane abin da kake nema. Ƙofa da gilashi da bamba su ne matsala, don nata daban ne, sau da yawa sai an yi oda. Wani dalili ke nan na gudun mai bugun gaba.

Da ya ce zai yi tayi a daren, na ce ya fara leƙa kasuwar motoci ta Berger ya taya irin RC 350 ɗin da ta riga ta iso da takardun kwastan, ya zauna a ciki, ya ga yadda cikinta ya kusa da ƙasa, sannan ya tuna layin gidansu a watan Yuli. Ya yi shiru, ya ce ai zai riƙa ajiye ta a bakin masallaci ya ƙarasa da ƙafa.