Taron yanyawa a Oji: hoton Hiroshige da na saya, bugun hannu

Daga wani shagon masu bugu da katako a Tokyo na yi odarsa, ya kuma iso lafiya lau, a shimfiɗe tsakanin kwali biyu. Sabon bugu ne na zanen da Utagawa Hiroshige, mai zane ɗan Japan, ya fitar a 1857, shekara guda kafin rasuwarsa, cikin jerin hotunansa na fitattun wurare 100 a birnin Edo, wato Tokyo ta yau.

Yana da tsada, ba ƙarya. Amma wanda ya saba ganin hoton nan a waya bai gan shi ba tukuna. Kowane launi da nasa katakon da aka sassaƙa, da hannu kuma ake murza takardar a kai, shi ya sa idan ka juya bayanta za ka ga inda launi ya ratsa. Sararin sama ne ya fi tafiya da ni: baƙi ƙirin daga can sama, yana sassautowa a hankali zuwa toka-toka, taurari tsilli-tsilli. A gindin wata bishiya ga garken yanyawa, kowace da ɗan harshen wuta a gabanta, wasu kuma na tafe daga nesa, sai wutarsu kaɗai kake hangowa.

Inda suka gaza shi ne takardar bayani. Gajeruwa ce, da Japananci kawai, alhali labarin shi ne rabin hoton. A almarar mutanen Oji, wata unguwa a Tokyo, daren ƙarshen shekara yanyawar yankin Kanto, inda Tokyo take, kaf ke haɗuwa a gindin wannan bishiya, su yi shiga, sannan su wuce wurin bautar Inari na Oji. Inari shi ne abin bautarsu na shinkafa, yanyawa kuwa 'yar aikensa ce. Manoma sukan duba yawan wutar su yi hasashen amfanin gonar baɗi. Tun 1993 mutanen unguwar ke yin jerin gwano a daren, suna shigar yanyawa.

Mai niyyar saye ya tanadi firam mai gilashi, don ba ya zuwa da shi. Kada kuma a rataye shi inda rana ke duka, launukan ruwa ne, suna koɗewa.