Shagon Gyaran Lagireto a Ƙofar Ruwa: Yadda Suka Magance Zafin Injin Peugeot 504

Motar da na gada daga mahaifina Peugeot 504 ce, irin waɗanda kamfanin Peugeot na Najeriya (PAN) ya riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antarsa a 1975. Bara na sa aka sauke injinta aka sake shi, aka sanya sababbin fistin da zobba da gaskit, amma tun ranar da na karɓo ta allurar zafi ba ta daina hawa ba, musamman idan cunkoso ya tsare ni da rana tsaka a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40. Wannan ne ya kai ni wani shagon gyaran lagireto a Ƙofar Ruwa.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne maigidan shagon, dattijo mai ƙarancin magana, bai yarda da shawarar da kusan kowa ya ba ni ba, wato a cire tamostat a yar. Ya yi mini bayani cewa wannan ɗan bawul shi ke tsare ruwa har inji ya kai zafin da ya dace da aikinsa, kuma injin da aka raba da shi yakan daɗe yana aiki da sanyi da safe, ya ƙara shan mai, zobbansa su ci da wuri. Ya jefa nawa cikin gwangwanin ruwan zafi a gabana, muka ga da ƙyar yake buɗewa, sannan ya sa aka sayo sabo. Ya kuma tuna mini cewa injin da aka sake yakan fi tsoho zafi a farkon tafiyarsa, domin zobba ba su gama zama a mazauninsu ba, don haka lagireton da ya ishi tsohon inji yana iya gazawa a kan sabo.

A kan lagireton kansa ne na ga gwanintar hannu. Maimakon ya watsa masa ruwa da tiyo ya mayar, kamar yadda aka taɓa yi mini a wani wuri, sai ya narkar da dalmar da ta riƙe tankin sama, ya ɗage shi, ya nuna mini ƙananan bututun tagulla waɗanda da yawansu tsatsa da wani farin datti mai kama da alli sun toshe. Wannan datti, in ji shi, sakamakon shekarun da aka yi ana ɗura wa motar ruwan rijiya ne. Ya bi bututun ɗaya bayan ɗaya da siririn ƙarfe, ya liƙe tankin, ya nutsa lagireton cikin baho ya hura masa iska don ya ga ko kumfa za ta fito. Ya canja murfin ma, saboda murfi mai ƙarfi ne ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100, kuma robar nawa ta riga ta tsage.

Fankar wannan mota tana da wata dabara da masu gyara da yawa ba su kula da ita: maganaɗisun lantarki ne ke kama ta idan ruwa ya yi zafi, ya sake ta idan ya huce. Tawa ba ta kamawa sam, saboda ɗan gawayin da ke kai mata wuta ya cinye. Yaron shagon ya canja shi, ya ɗaure bel, aka cika da ruwan sanyaya inji da aka gauraya rabi da rabi da tataccen ruwa irin na batir.

Akwai inda ban ji daɗi ba. An yi mini alkawarin kwana biyu, aikin ya ɗauki biyar, kuma ba a ba ni rasit ba sai da na nema. Kuɗin aikin ma ya fi na maƙwabtansa, ko da yake da na ga abin da aka yi ban yi ciniki mai tsawo ba.

Bayan kilomita 1,000 na koma kamar yadda maigidan shagon ya umarta, ya aike ni wurin bakanike aka sake ɗaure kusoshin kan inji aka duba taimin, wato lokacin da filogi ke ba da wuta, wanda shi ma idan ya yi baya yana ƙara zafi. A watan Mayu na yi tafiya daga Kano zuwa Katsina da iyali da kaya cike da but, allurar ta tsaya ƙasa da tsakiya har muka isa. Duk mai tsohuwar 504 ko 404 da ya sake inji, ina ba shi shawarar ya kai lagiretonsa irin wannan shago kafin bazara ta kama, ya kuma ware mako guda domin aikin.