Sharhi kan Vanquish 440, na'urar gano ƙarfe a cikin ƙasa, da na saya don ko-ta-kwana

Gaskiya ban saye ta don ina sonta ba, babbar na'urata Equinox 800 nake riƙewa kuma ita ce ta fita kullum, kawai dai duk wanda yake wannan harkar ta neman tsofaffin kwabbai a nan Ingila ya san haushin ka tuƙa mota har gonakin Lincolnshire, ka biya kuɗin shiga gona, sannan ka tsaya kana kallon mutane suna tono saboda caji ya ƙare ko ka zo da baƙo babu abin da za ka miƙa masa. Sharaɗi biyu na sa wa kaina. Ta yi aiki da batirin rediyo, wato AA, wanda ko a gidan mai za ka samu, kuma kar ta sa ni koyon sabon karatu. Da na so in ɗauki Simplex+ ɗin kamfanin Nokta saboda ita tana shiga ruwa har mita 3, amma batirinta a ciki yake kamar na babbar tawa, to meye amfanin. Ita Vanquish batir 4 ne, lambobin allonta masu nuna irin ƙarfen da ta ji kuma daga -9 zuwa 40 suke, daidai da na Equinox, abin da ido ya saba shi zai gani.

Abin da ya sa nake wannan rubutun wata Lahadi ce bayan an girbe alkama. Ɗan yayana ya zo hutu ya nace sai ya bi ni, baƙonka annabinka, sai na ba shi babbar na riƙe ƙaramar ina cewa a raina yau dai ƙusa da marfin kwalba zan kwasa. Gonar kuwa cike take da ƙarfe, duk inda ka kaɗa sai gurnani, can gefen shinge sai na ji wata ƙara siririya mai tsabta a tsakiyar gurnanin, na juya na kaɗa ta ɗaya ɓangaren lamba ta tsaya ba ta tsalle, na danna maɓallin saita wuri na tona, kai jama'a, sisi ne na azurfa da kan Sarauniya Victoria, ya yi baƙi ya sha duniya amma kan yana fitowa sarai. Kuma azurfa ce ta gaske, don sai a 1920 Turawa suka rage ta zuwa rabi, bayan 1946 ma suka daina sa ta gaba ɗaya. Na kira yaron ya zo da babbar muka mayar da sisin cikin rami muka gwada, wallahi bambancin bai kai a yi magana ba, ita ma ƙaramar tana aika sigina a kan mita da yawa, irin mitar rediyo, lokaci guda ne kamar yayarta. Da yake ƙwaya ɗaya ce kuma ba ta kai shekara 300 ba dokar 1996 ta tsofaffin dukiyoyin da ake tonowa ba ta hau kanta ba, mai gona kawai na nuna wa, ya yi dariya ya ce in riƙe. A ranar da za a ce in ba ta tauraro goma da na bayar.

Amma ku san abin da kuke saye, faifan da ake kaɗawa a ƙasa ne kawai yake shiga ruwa, kan da allo yake ba ya so, babu fitila a allon kuma babu Bluetooth, sai ka hau 540 za ka samu waɗannan. Wannan bai dame ni ba, iya kuɗinka iya shagalinka. Wanda ya ɓata min rai mutumin da na saya a hannunsa ne. Ta hannu ce, ya rubuta wai kamar sabuwa komai na cikin kwali yana nan, kwali ya iso babu rigar ruwan da ake rufe kan da ita, abin saƙalawa a kunne ɓangare ɗaya ne yake magana, madaurin hannu kuma an ɗaure shi da salatif. A ƙasar da ruwa ba ya sallama kafin ya sauko ka sayar wa mutum inji babu riga? Satin da ya biyo baya ledar burodi na ɗaura mata, 'yan kulob suna ta tsiya. Na tura masa saƙo ya ce zai duba a gareji, har yau yana dubawa, yanzu ma ko karantawa ba ya yi. Da na lissafa riga da sabon abin kunne da kuɗin aike sai na ga saura kaɗan in kai kuɗin sabuwa fil mai garanti, kuma duk sanda na buɗe but ɗin mota na ga salatif ɗin nan sai abin ya dawo min sabo. Injin na ba shi tauraro huɗu da rabi cikin biyar, cinikin kuwa ko biyu bai ci ba. In ta hannu za ku saya ku sa ya ɗauki bidiyo yana kunna ta, ya baje kayan kwalin ɗaya bayan ɗaya kafin ku tura ko kwabo.