Ɗan akwatin da ke karanta ciwon mota: wata shida yana hannuna

Motata Toyota Yaris ce ƙirar 2007, mai ƙofa biyar, da ɗan injin nan mai silinda uku da ake kira 1KR-FE, wanda bai ma cika lita ɗaya ba. Gwanjon Turai ce, ta tashar jirgin ruwa ta Tema ta shigo, kuma ta yi hannu biyu kafin ta zo nawa. Ni ba fita ba ne, wato makanike, atamfa nake sayarwa a Alabar, nan Kumasi. Amma duk ranar Lahadi, da na sha koko da ƙosai, sai in shimfiɗa kwali a ƙofar gidanmu a Aboabo in shige ƙarƙashinta. Da hannuna na canja mata tayoyi zuwa inci 15, na sa mata gajerun sifirin don ta ɗan durƙusa. Maƙwabta har sun gaji da yi mini dariya.

Abin da zan yi sharhi a kai shi ne ɗan sikanan nan na OBD2 mai Bluetooth, irin wanda ake rubuta wa ELM327 a jiki. Girmansa kamar kwalin ashana, kuɗinsa kuma bai kai na rabin tankin mai ba. Ana soka shi ne a wata kafa mai haƙori 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, a haɗa shi da waya, a buɗe manhaja irin Torque, sai kwamfutar motar ta fara faɗin abin da ke damunta da lambobi. Tun 1996 aka wajabta wannan kafar ga motocin Amurka, a Turai kuma tun 2001 ga masu shan fetur, don haka yawancin gwanjon da ke yawo a Kumasi suna da ita. Nawa jabu ne, ban ruɗi kaina ba. An rubuta masa v1.5, alhali masu asalin abin ba su taɓa fitar da wannan lambar ba.

Ranar da ya fara biyan kuɗinsa, ina hawan tudu a hanyar Tafo ne motar ta soma rawa, fitilar inji ta kama. Mai silinda uku dama ba ta rasa ɗan kaɗawa a silo, amma wannan kamar mai zazzaɓi. Da can Magazin, matattarar fitoci da masu sayar da kayan mota, zan nufa kai tsaye, in sha cunkoson shataletalen Suame, a ce mini fulogi ne, in saya, a ce nozul ne, in saya. Wannan karon na gangara gefe na soka sikana. P0302. Wato silinda ta biyu ba ta kama wuta yadda ya kamata. A wannan injin kowace silinda da kwayil ɗinta, abin da ke ba fulogi wuta, a kan fulogin, ƙusa ɗaya ce ke riƙe da shi. Da na isa gida na ɗauko sufana mai lamba 10, na musanya kwayil na biyu da na ɗaya, na goge lambar, na zaga unguwa. Fitila ta dawo, amma yanzu P0301. Ciwo ya bi kwayil ke nan. Guda ɗaya tak na saya a Magazin, na ɗaura a gaban shagon, rawa ta tsaya. Ranar har kaina ya ɗan kumbura.

Ya kuma tona mini wani asiri. Yana nuna zafin ruwan inji a waya, sai na ga ko na yi tafiyar rabin sa'a da safe ba ya kaiwa inda ya kamata, wajen digiri 85 zuwa 90. Ashe wani daga cikin masu motar na baya ya sa an cire tamostat, ɗan abin da ke daidaita zafin ruwan inji, al'adar da ta zama ruwan dare a nan, wai ƙasarmu da zafi. Injin da bai ɗumama ba kuwa mai yake sha. Na mayar mata.

To, ga inda ya kai ni ya baro. Bayan wata biyu fitila ta sake kamawa, P0420. Na duba intanet, aka ce tukunyar tace hayaƙi ce ba ta aiki sosai, wasu kuma suka ce sau da yawa sensar iska ta baya ce. Da yake sensa ta fi araha, sai na zaɓi in yarda da su. Na saya, na ɗaura, kwana huɗu fitila ta dawo. Dole na kwashi kunyata na kai wa tsohon fitan da mahaifina yake kai wa motarsa tun ina yaro. Na miƙa masa waya ina nuna masa lamba, ko kallonta bai yi ba.

"Tayar da ita," in ji shi. Ya sa yaronsa ya toshe bakin salansa da tsumma, shi kuma ya durƙusa ya kasa kunne. Sai ga wani ɗan tsaki, tsit-tsit, daga ƙarƙashin inji.

"Wa ya rage mata tsayi?"

"Ni ne, Baba."

"To kai ne ciwonta. Ka daki tudun kan titi, mahaɗar bututun ta buɗe, iska tana shiga kusa da sensa. Akwatinka bai yi ƙarya ba, abin da sensa ta shaƙa ya gaya maka."

Gaskiyarsa. Na tuna daren da na ji ƙarar ƙarfe a kan wani tudun rage gudu a Asawase, muna huɗu a mota, na yi kamar ban ji ba. Sabon gasket da ɗan walda suka kashe maganar. Sensar da na cire kuwa lafiyarta lau, tana nan cikin gwangwanin madara a gida.

Akwai wasu ƙananan abubuwan da mai saye ya kamata ya sani. Irin wannan mai arahar yawanci inji kawai yake karantawa. In fitilar ABS ce, wato na'urar hana birki cijewa, ko ta jakar iska, nawa bebe ne. Nawa ya ƙi haɗuwa da iPhone ɗin ƙanena, sai Android. Sannan kafar tana da wuta ko an kashe mota. Na manta shi a soke na tafi Tamale biki, kwana tara, na dawo batir ya kwanta, sai da yaran unguwa suka tura ni. Batirin dama ya tsufa, amma tun ranar a aljihun mota yake kwana.

Wani amfanin da ban zata ba: abokina ya je duba wata Kia Picanto zai saya, na bi shi da shi. Babu fitila ko ɗaya a dashbod, amma manhajar ta nuna kwamfutar ba ta gama gwaje-gwajenta ba, alamar an goge lambobi ko an cire batir kwanan nan. Muka ce a bari mu zaga da ita tukuna, mai motar ya ce yana sauri.

Ga mai taɓa motarsa da kansa, ina ba shi huɗu cikin biyar, ɗayan na riƙe saboda ABS da batir. Gajerun sifirin ɗin kuma har yanzu suna jikinta. Tsohon fitan ya ce in cire, na ce masa sai bayan Sallah.