Ɗakin sauraron matasa a Garwa: yabo da ƙorafi

Akwai wani ɗakin sauraron matasa a nan Garwa, a arewacin Kamaru, da wata ƙungiya ta buɗe saboda yaran da soyayya ta rikiɗe musu ta koma duka da barazana. Ba zan ambaci sunansa ba, tunda da yabo da ƙorafi na zo. Ko dala ba sa karɓa, kuɗin mai babur daga Yelwa kaɗai na kashe.

'Yar ƙanena na kai, shekararta 17, tana lise, wato makarantar sakandare. Saurayinta ya mai da wayarta tasa, yana bin saƙonninta ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ta ce a rabu ya murɗe mata hannu, ya rantse hotunanta za su zaga WhatsApp kafin magariba. Uwarta cewa ta yi ai kishi ne, mai sonka shi ke kishinka.

Malamar da ta karɓe mu ta gaishe ni da ladabi, sannan ta ce, "Hajiya, a ɗan ba mu wuri." Na fita ina ƙunƙuni. Daga baya yarinyar ta gaya min ba a tambaye ta abin da ya kai ta ɗaukar hoto ba, alhali da wannan tambayar kowa ya fara a gida. Cewa aka yi, "Kina tsoronsa?" Nan bakinta ya buɗe. Da aka kira ni, Malama ta hana mu goge saƙo ko ɗaya, ta ce mu je asibiti mu karɓi takardar likita tun hannun bai sace ba. Ta yi mana bayanin dokar laifukan intanet ta 2010, da kundin hukunci na 2016, wanda ya toshe tsohuwar dabarar nan ta a ɗaura wa yarinya aure da wanda ya yi mata fyaɗe don ya tsira. Da Fillanci da Hausa ta yi bayanin, ba ta jibge mu da Faransanci ba. A nan kam sai sam barka.

Ƙorafina a kan samari ne. Duk hotunan bango na 'yan mata ne, ma'aikatan da na gani duk mata, kuma da na tambaya aka ce namiji ba ya zuwa sai in an kira shi ya amsa laifi. Ni kuwa ina da ɗan maƙwabta mai sayar da katin waya. Budurwarsa ta sharara masa mari a gaban abokansa, tana tatsar ɗan abin da ya samu, in ya ce babu sai ta ce za ta gaya wa yayyenta ya taɓa ta. A majalisa dariya aka yi masa: "Mace ta mare ka, har kana faɗi?"

Kada a ji ni ba daidai ba, ban ce nauyin ɗaya ne ba. Binciken da CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta yi a makarantun sakandaren Amurka a 2019 ya nuna cewa, cikin masu soyayya, duka ya sami kusan kashi 9 cikin 100 na 'yan mata da kashi 7 na samari. Tazarar ba yawa. Amma da aka zo kan tilasta wa mutum abin da bai so a jikinsa, yarinya 1 ce cikin 8, yaro kuwa 1 cikin 26. Can Amurka ke nan, sai dai abin bai yi min baƙo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2024 ta ce kusan kashi 24 cikin 100 na 'yan matan da suka taɓa soyayya ko aure suna fuskantar duka ko tilas kafin su cika 20. Yaron maƙwabtana kunya ke cinsa, yana kwana lafiya. 'Yar ƙanena sai da ta daina bin hanyar makaranta ita kaɗai, kuma da ciki ya shiga, ita za a cire daga aji a nemo mata miji. Irin wannan yaƙin ne Aissa Doumara, mai fafutukar kare mata, ke yi a garin Marwa tun 1996, har Faransa ta ba ta lambar yabo ta Simone Veil a 2019. Don haka fifita 'yan mata bai ɓata min rai ba.

Abin da nake nema ɗan kaɗan ne: namiji ɗaya mai hankali, da yini ɗaya a mako na samari, ko da a gindin dalbejiyar tsakar gidan ne. Sai lokaci: suna tashi daidai sa'ar da ake tashi daga makaranta, don haka 'yar lise ba ta da dama sai Laraba da rana, ranar kuwa benci cike yake. Wadda za ta je ta tafi da wayarta da caji.

Na yi wa yaron kwatancen wurin duk da haka. Ya sosa ƙeya ya ce, "Gwaggo, in shiga cikin matan nan in ce musu me?"